Haƙƙin ɗan ƙasa yana cikin doka, to ta yaya zai iso kan teburin ma'aikata?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah lauyoyin cikinmu da waɗanda suka daɗe a aikin gwamnati ina neman shawara. A ma'aikatar da nake aiki an kafa wani kwamiti aka saka sunana a ciki, aikinmu shi ne mu rubuta takardar da za ta fayyace haƙƙin mutanen da suke zuwa neman wata buƙata a wajenmu, irin wadda ake liƙawa a bangon ofis. Shugaban kwamitin so yake kawai mu kwafo abin da tsarin mulki ya faɗa, mutunta ɗan Adam, rashin nuna bambanci, saurarar kowa, sai a buga da manyan baƙi a rataye shikenan an gama. Ni kuma gaskiya raina bai kwanta ba, saboda duk waɗannan abubuwan ai suna nan a rubuce tun kafin a ɗauke ni aiki, amma har gobe mutum zai zo da fayil ɗinsa a ce masa ya dawo jibi, ya dawo a ce oga baya nan, ya sake dawowa a ce fayil ɗin bai sauko ba, kuma babu wanda zai gaya masa dalili balle ya san inda zai kai kuka. Tambayata ita ce, mene ne yake sa haƙƙin da aka rubuta a doka ya zama abin da mutum yake samu da gaske idan ya shigo ofis? Akwai ƙasashen da suka gwada wani abu ya yi aiki? Bana so mu ɓata lokaci mu rubuta takardar da babu abin da za ta canza.

Barista Auwal:

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayar nan taki ita ce asalin matsalar, kuma ba ƙasa ɗaya ce ke fama da ita ba.

Abu na farko da ya kamata kwamitinku ya gane shi ne tsakanin tsarin mulki da teburinki akwai matakai da yawa, kuma a kowane mataki haƙƙin yana iya maƙalewa. Tsarin mulki ya ce mutum yana da haƙƙin kaza, to sai majalisa ta yi dokar da ta faɗi wace hukuma ce za ta bayar, sai hukumar ta fitar da ƙa'idoji da sakula, sai a saka kuɗin a kasafi, sai a saki kuɗin, sai a samu ma'aikacin da aka ce kai ne mai wannan aikin. Ki duba Indiya, a 2002 suka gyara tsarin mulkinsu suka mayar da ilimin yara 'yan shekara 6 zuwa 14 haƙƙi na tilas, amma dokar da ta faɗi yadda za a aiwatar sai 2009 aka yi ta, ta fara aiki 2010. Duk tsawon shekarun nan haƙƙin yana nan a takarda amma uban yaro bashi da wani tartibin abu da zai riƙe ya ce wa hedimasta ga abin da doka ta ɗora maka.

Sannan haƙƙoƙin ma ba ƙarfinsu ɗaya ba a gaban kotu. A ƙasashe da dama an raba su gida biyu, akwai wanda za ka iya kai ƙara a kansa kamar 'yancin rayuwa da 'yancin a saurare ka, akwai kuma wanda aka rubuta a matsayin manufar gwamnati kawai. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 misali, babi na 4 ana shari'a a kansa, amma babi na 2 inda aka yi maganar ilimi da lafiya da walwala, sashe na 6(6)(c) ya cire hannun kotu daga kansa. Indiya ma tana da irin wannan rabon. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa cewa ta yi ƙasa ta cika su sannu a hankali gwargwadon abin da take da shi. Wannan kalmar ta "sannu a hankali" gwamnatoci da yawa a bayanta suke fakewa.

Amma ko kotun ta yarda da kai ba a nan magana ta ƙare ba, kuma wannan shi ne abin da yake taɓa min zuciya duk lokacin da na tuna. A Afirka ta Kudu tsarin mulkinsu ya yarda a yi shari'a kan haƙƙin muhalli. Wata mata Irene Grootboom da mutanen da suke zaune tare a wata unguwar marasa galihu kusa da birnin Cape Town suka kai gwamnati ƙara, a shekarar 2000 kotun tsarin mulki ta ce tsarin gidaje na gwamnati ya gaza tunda bai tanadi komai ba ga waɗanda suke cikin matsanancin hali. Hukuncin nan har yau ana koyar da shi a jami'o'i, amma ita matar ta rasu a 2008 bata samu gidan ba. Ki kwatanta da shari'ar 2002 a ƙasar dai, kan maganin nevirapine mai hana uwa ta saka wa jariri cutar HIV, nan kotu ta faɗi takamaiman abin da za a yi, kuma akwai ƙungiyar masu fafutukar samar da maganin HIV mai suna TAC da ta tsaya tana bin asibitoci tana matsa lamba, sai aka ga canji. Bambancin shi ne a ta biyun an san abin da za a bayar, an san wanda zai bayar, kuma akwai mai bibiya.

Saboda haka ni a nawa ganin duk layin da za ku rubuta ki tambayi kanki, wane ma'aikaci ne da sunan kujerarsa zai yi wannan, cikin kwana nawa, idan ya ƙi zai rubuta dalili, kuma mutumin wajen wa zai ɗaukaka ƙorafi. Layin da bashi da amsar waɗannan ado ne kawai. Misali mafi kyau da na sani shi ne dokar neman bayanai ta Indiya ta 2005. Kowace hukuma dole ta naɗa jami'in da ake miƙa wa buƙata, yana da kwana 30 ya amsa, idan abin ya shafi rai ko 'yancin mutum awa 48, idan ya yi jinkiri babu hujja hukumar bayanai tana iya cin shi tarar rufi (kuɗin Indiya) 250 a kowace rana har zuwa 25,000, kuma daga aljihunsa ba daga asusun ma'aikata ba. Jihar Madhya Pradesh a 2010 ta ɗauki wannan salon ta ɗora shi kan ayyukan yau da kullum kamar takardun shaida, wasu jihohin suka biyo baya. Ba wai komai ya gyaru ba, ƙorafe ƙorafe sun taru jibgi a hukumomin ɗaukaka ƙara, an kuma kashe wasu masu neman bayanan, amma dai ɗan ƙasa ya samu abin riƙewa.

Tsohon Akawu:

Barista ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara daga ɓangaren wanda ya zauna a kan teburin, na yi aikin rajista da na karɓar jama'a har na yi ritaya. 'Yata, abin da mutane basu gane ba shi ne manufar gwamnati ta gaskiya ba wadda minista ya karanta a taro ba ce, ita ce wadda ƙaramin ma'aikaci yake yankewa da safe idan mutum hamsin suna tsaye shi kuma abin da zai iya gamawa a ranar bai wuce na ashirin ba. Dole sai ya zaɓa. To da me yake zaɓa? Idan babu ƙa'ida a rubuce zai zaɓa da fuska, wanda ya sani, wanda ya zo da takarda daga wani babba, wanda ya iya magana, wanda yake da alamar zai iya tayar da jijiyar wuya. Tsohuwar da bata iya karatu ba, ko kurma, ko wanda ya zo daga nesa baya jin yaren ofis, su ne kullum ake cewa su dawo. Kuma wallahi yawancin ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, ba ƙiyayya ce take sa su ba, neman sauƙi ne, fayil mai wahala a ture shi ƙasa, mai sauƙi a gama. A haka ake tauye haƙƙi ba tare da wani ya zauna ya yi niyyar tauyewa ba.

Shi yasa ni abin da na fi yarda da shi ƙananan abubuwa ne da ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Na ɗaya dai shaidar karɓa. Duk wanda ya miƙa takarda a bashi ɗan rasit mai lamba da kwanan wata da hatimi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin ranar da babu rasit ma'aikata tana iya cewa bata taɓa ganin takardar ba kuma babu yadda mutum zai yi, agogon kwana 30 da Barista yake magana ai daga ranar rasit yake fara bugawa, idan babu rasit babu agogo. Na sha ganin fayil ya ɓata, amma fayil ɗin da mai shi yake riƙe da lamba a hannunsa ba kasafai yake ɓata ba, saboda akwai littafin da za a buɗe a ga hannun wa ya shiga na ƙarshe.

Sai jerin takardun da ake buƙata. A rubuta su duka a wuri ɗaya a liƙa a ƙofa, kuma a rubuta a ƙasa cewa babu ma'aikacin da yake da ikon neman wata takarda bayan waɗannan. Yawancin wahalar da ake ba mutane ta nan take shigowa, yau a ce kawo hoto, ka kawo a ce saura takardar haihuwa, ka kawo a ce ai sai an buga mata hatimi, kowace dawowa kuɗin mota ne da yinin aiki da mutum ya rasa, kuma a nan ne ƙofar cin hanci take buɗewa domin wanda ya gaji shi yake tambaya ko akwai wata hanya. Idan akwai abin da ya rage a gaya masa duka a zuwan farko, a rubuce.

Na uku kuma shi ne wanda ma'aikata suka fi gudu, rubuta dalilin ƙi. Da baki kowa zai iya cewa ba zai yiwu ba. Amma ka ce wa mutum ya rubuta dalilin ya sa hannu da sunansa, za ki ga rabin abin da ake cewa ba zai yiwu ba ya yiwu, tunda babu dalilin da zai iya rubutawa. Ni da kwamitinku zai samu waɗannan ukun kaɗai ya tabbatar ana yinsu, ya fi min shafi goma na kalmomi masu daɗi.

Barista Auwal:

Baba wannan na ukun ma a wasu ƙasashen doka ce guda. Afirka ta Kudu sashe na 33 na tsarin mulkinsu ya ba kowa haƙƙin a bashi dalili a rubuce idan hukuncin wata hukuma ya cutar da shi, suka yi doka a 2000 da ta ce ka nema cikin kwana 90, su ma su baka cikin kwana 90, idan basu bayar ba kotu za ta ɗauka cewa babu dalilin kirki. Faransa kuma a 2013 ta juya tsohuwar ƙa'ida, a da idan hukuma ta yi shiru wata biyu an ƙi kenan, yanzu shirun yana nufin an amince, duk da sun cire abubuwa masu yawa daga ciki. Hikimar ita ce nauyin jinkiri ya koma kan ma'aikata ba kan ɗan ƙasa ba.

Ummu Hanif:

Duk na yarda da ku amma kada a manta da kuɗi dan Allah. Ni malamar asibiti ce, ka rubuta cewa kowane majinyaci yana da haƙƙin a duba shi cikin lokaci kaza, alhali ma'aikaciya ɗaya ce a ɗakin da ya kamata a ce huɗu ne, to wa za a hukunta? Ita za a ci tara? Abin da nake tsoro kenan da maganar tara, ƙaramin ma'aikaci ne zai sha, wanda bai saki kuɗin ba yana can sama babu mai taɓa shi. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, ƙasashe kaɗan ne suka taɓa kaiwa.

Kuma ko an ware ɗin sai ya iso. Akwai binciken da aka yi a Yuganda da ya nuna tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin ɗari ne kacal na kuɗin gudanarwa da ake turawa makarantun firamare yake isa makarantun, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gundumomi, makarantu da yawa ma ko sisi basu gani ba. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura kowace gunduma a jaridu, aka ce makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da yake isa ya haura kashi 80. Akwai masu cewa ba jaridun kaɗai ba ne suka jawo, wasu gyare gyaren ma sun taimaka, amma dai iyaye da malamai sun san abin da aka turo musu. Maman Ilham idan ma'aikatarku tana raba wani abu, kuɗi ne ko kaya ko gurbi, ku saka a takardar cewa za a riƙa bayyana nawa aka samu da wa aka ba.

Sadiq IT:

Ni fa ina ganin maganin duk wannan a mayar da komai kan intanet. Mutum ya cike fom a wayarsa, kwamfuta ta bashi lamba, ya riƙa ganin inda fayil ɗinsa yake, babu haɗuwa da kowa balle a nemi na goro ko a duba fuska. Estoniya haka suke yi, har suna da ƙa'idar cewa bayanin da ka taɓa ba gwamnati sau ɗaya kada wata hukuma ta sake tambayarka, su nemo a tsakaninsu. Anti ku ba da shawarar a yi manhaja kawai.

Barista Auwal:

Sadiq rabin maganarka daidai ne, bin sawun fayil da lamba babu abin da ya kai kwamfuta, kuma tana hana a sauya kwanan wata. Amma a bar kwamfuta ta yanke hukunci kan haƙƙin mutum, nan kam sai an yi hattara sosai, domin ƙasashe biyu masu arziki da ƙwararrun ma'aikata sun taɓa faɗawa ramin nan.

A Holan hukumar haraji ta riƙa zargin iyaye da damfara a kuɗin tallafin renon yara, tana amfani da tsarin tantance haɗari wanda har kasancewar mutum yana da shaidar zama ɗan wata ƙasa ya shiga cikin abin da ake dubawa. Ƙaramin kuskure a fom sai a ce ka dawo da duk abin da ka karɓa na shekaru, dubban iyalai suka faɗa bashi, wasu aurensu ya mutu wasu suka rasa gidajensu, kuma da suka nemi a nuna musu dalili ba a basu ba. A watan Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte gaba ɗaya ta yi murabus a kan wannan. A Ostireliya kuma akwai wanda ake kira Robodebt, kwamfuta ta ɗauki abin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan makonni kamar kullum haka yake samu, alhali mai aikin wucin gadi wani watan ya samu wani watan babu, sai ta fitar da bashin ƙarya ta aika wa dubban ɗaruruwan masu karɓar tallafi, aka ce su ne za su kawo hujjar cewa ba a binsu. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a 2023 ta tabbatar tsarin ya saɓa doka. A duka biyun abin da ya ɓace shi ne dai abin da Baba ya lissafa, dalili a rubuce, da mutum mai rai da zai saurare ka ya iya gyarawa. Sannan wanda bashi da waya ko bai iya karatu ba ko makaho ne, idan aka rufe taga aka ce sai ta manhaja, an cire shi kenan daga cikin masu haƙƙi. A yi manhajar amma a bar tagar a buɗe.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Na rubuta abubuwa da yawa. Amma ga inda gizo yake saƙar, mu kwamitin cikin gida ne, bamu da ikon saka tara ko yin doka, abin da za mu iya kawai mu rubuta mu miƙa wa shugaban ma'aikata ya sa hannu. Kuma na san idan na ce a saka kwanaki abokan aikina za su ce na jawo musu masifa, tunda kamar yadda Ummu Hanif ta ce hannu bai isa ba. Shin takarda irin wannan da babu hukunci a bayanta tana da wani amfani kuwa? Na ji ana cewa an yi irinta a wurare da yawa ta mutu.

Tsohon Akawu:

An yi kam. Birtaniya ce ta fara yayata ta a 1991 zamanin John Major, Afirka ta Kudu ta yi nata mai suna Batho Pele (wato jama'a ne a gaba) a 1997, Najeriya ta kafa SERVICOM mai sa ido kan yadda ma'aikatu suke yi wa jama'a hidima a 2004, Indiya ma ta bi sahu tun a 1997, kuma a wurare da yawa allon ya rage a bango har ya koɗe babu wanda ya karanta. Amma ki lura da dalilin mutuwar, yawanci daga sama aka rubuto, ba a tambayi masu zuwa ofis ba, ba a tambayi masu zama a teburin ba, aka saka alƙawarin da kowa ya san ba za a iya cikawa ba, kuma babu wanda yake ƙirga ko an cika.

Ga yadda zan yi da ni ne. Kada ku ɗauki duk ayyukan ma'aikatar, ku zaɓi biyu ko uku da jama'a suka fi zuwa dominsu. Ku ɗauko tsofaffin fayiloli da aka gama ku bi su tebur tebur ku ga kwana nawa kowanne ya yi a ina. Abin da za ku gani, kuma na tabbata za ku gani, shi ne aikin da ake yi a kan fayil ɗin bai fi na awa ɗaya ko biyu ba, sauran makonnin duk zaman jiran sa hannu ne, sau da yawa sa hannun wanda baya ƙara komai, ya sa ne kawai don an saba. To nan shugabanku yana da iko ba sai an je majalisa ba, zai iya rage yawan masu sa hannu, zai iya cewa idan darakta baya nan mataimakinsa ya sa, wannan kaɗai yana kashe maganar oga baya nan. Daga nan sai ku saka kwanakin da kuka san za ku iya, ko da sun yi yawa a ido. Gara ku ce kwana 21 ku cika da ku ce kwana 7 ku saɓa, idan abu ya zauna sai a rage. Abokan aikinki kuma ki nuna musu cewa takardar kariya ce gare su, domin ranar da wani babba ya aiko a tsallake layi, ƙaramin ma'aikaci yana da abin da zai nuna ya ce yallabai lamba ce take bi, kuma idan jinkirin daga rashin kayan aiki ne ko rashin sakin kuɗi littafin zai nuna a teburin wa abin ya tsaya, ba za a ɗora wa na ƙasa ba. Wannan shi ne amsar damuwar Ummu Hanif a nawa ganin.

Hukunci kuma ba sai tara ba. A riƙa liƙa sakamako duk wata a inda jama'a suke zama, buƙatu nawa aka karɓa, nawa aka gama cikin lokaci, nawa suka wuce, kuma a kai wa shugaba sashe sashe. Babu daraktan da yake so a karanta a mitin cewa sashensa ne na ƙarshe. In an samu a saka shi cikin fom ɗin auna ƙwazo na shekara wanda ake dubawa wajen ƙarin girma, to ya fi tara ciwo.

Sai maganar ƙorafi. Dan Allah kada ku yi akwatin nan na katako da ake rataye wa a saka kwaɗo, wanda makullinsa yake hannun mutumin da ake ƙorafi a kansa. Mai karɓar ƙorafi ya zama baya ƙarƙashin sashen, ya ba da rasit shi ma, ya amsa cikin kwanakin da aka faɗa, kuma a yarda mutum ya faɗa da baki a rubuta masa a karanta masa. A ƙasan takardar ku rubuta inda mutum zai je a wajen ma'aikatar idan bai gamsu ba, ƙasashe da yawa yanzu suna da hukumar karɓar koke koken jama'a, Suwidin ce ta fara kafa irinta tun 1809, kuma kafin nan ma daulolin Musulunci suna da zaman mazalim inda talaka yake kai ƙarar gwamna da ma'aikatansa. Mutane da yawa basu san da hukumar ba, ma'aikatu kuma basa son faɗa musu.

Barista Auwal:

Ina tare da Baba, sai dai abu ɗaya game da liƙa alƙaluma, ku kula da abin da kuke ƙirgawa domin ma'aikata suna bin abin da ake ƙirgawa ne. A Ingila da aka saka ƙa'idar awa 4 a sashen gaggawa na asibitoci jira ya ragu da gaske, amma an samu rahotannin wuraren da ake barin majinyaci a cikin motar asibiti a waje don kada agogo ya fara. A ofis irin naku abin da zai faru shi ne a ƙi karɓar takardar tun farko, ko a yi saurin ƙin amincewa don a ce an gama cikin lokaci. Saboda haka bayan kwanaki ku riƙa ƙirga mutum nawa aka mayar daga taga ba a karɓi takardarsu ba, nawa aka ƙi, kuma cikin waɗanda aka ƙi nawa ne aka juya hukuncin da suka yi ƙorafi. Idan na ƙarshen nan ya yi yawa to matsalar tana teburin farko.

Kuma Hajiya kada ki raina sa hannun shugaban. Takardar ba doka ba ce, amma a tsarin shari'a na ƙasashe da yawa idan hukuma ta bayyana wa jama'a a fili cewa ga yadda za ta yi, kotu tana iya riƙe ta da wannan alƙawarin, ko a ƙalla ta nemi ta kawo dalilin saɓawa. Ki nemi lauyan ma'aikatarku ya duba dokar da ta kafa ku, sau da yawa akwai sashen da ya ba shugaba ikon fitar da ƙa'idojin aiki, idan aka fitar da ita ta wannan hanyar ta fi ƙarfin sanarwar bango nesa ba kusa ba.

Ummu Hanif:

Ƙari ɗaya Maman Ilham, kafin ku miƙa ku fita ku zauna da mutanen da suke jira a benci ku karanta musu daftarin da yaren da suke ji, musamman tsofaffi da masu lalura ta musamman da matan da suke zuwa da goyo. Mu da muka yi haka a wajenmu abin da suka fi nema ba ya cikin abin da muka rubuta sam, wurin zama ne, da bayan gida mai aiki, da a daina kiran ciwon mutum da ƙarfi a gaban jama'a, da a gaya musu tun safe idan likita ba zai zo ba kada su yini. Ki tafi da wani daga cikin kwamitin, in da hali shi shugaban, ya ji da kunnensa.